DAGA BAKIN BAHAR MALIYA: Kwalin da aka hana yaro taɓawa

Wancan karon na yi muku alkawarin zan taɓo maganar aure tsakanin 'ya'yan nan da 'yan gida, to ku yi mini afuwa, wani abu ya faru a gidanmu da ya sa na ɗage ta zuwa gaba. Na nemi izinin wanda abin ya shafa kafin in rubuta, ya ce in rubuta amma kada in kama suna. Na ce masa ya akhi, ko ban kama ba duk wanda ya san mu ya san ƙanina namiji ɗaya ne.

Wata Juma'a ce a watan Oktoban bara, mun taru a gidan Umma bayan an sauko daga masallaci, ana jiran a sauke shinkafa. Sai muka ji ihun ƙanina daga ɗakinsa: "Kai! Ya walad! Sauke hannunka!" Na ruga a guje ina zaton ɗan yayata ne ya kama wayar wuta. Ina shiga na tarar da yaron, ɗan shekara bakwai, tsaye a kan kujera ya miƙa hannu saman dulab ɗin kaya. A can sama kuwa kwalaye ne jere har suna taɓa silin, duk iri ɗaya, duk a liƙe ba a buɗe ko guda ba. Na ƙirga su, goma sha biyu cif. LEGO ne.

Yaron ya sauko idonsa ya cika da hawaye, ya ce, "Kawu, ba abin wasa ba ne?"

Ƙanina ya ce, "Wannan jari ne. Ko kusurwar kwalin ka lotsa, ka ja mini asarar riyal ɗari."

Na yi dariya a lokacin, don ban san da kuɗin wa aka yi sarin ba.

Ga iyayenmu da ake karanta wa wannan fili, bari in ɗan yi bayani. LEGO 'yan tubala ne na roba, masu 'yan kumburi a sama da ramuka a ƙasa, ka danna wannan kan wancan ya kama, har ka gina gida ko mota ko jirgi. Wani kafinta ne mai suna Ole Kirk Christiansen ya fara sassaƙa kayan wasan katako a garin Billund na ƙasar Denmark a 1932, ya raɗa wa sana'arsa wannan suna a 1934, sannan a 1958 kamfanin ya yi rajistar tubalin da muka sani yau. Tubalin 1958 har gobe yana kama na bana. Mu da muka tashi a Sabil da Karantina, ta gilashin kanti muke hango shi. Wasanmu ƙwallo a hara ba takalmi, sai farfira a bakin bagala, Baba kuma ya riƙa ba mu labarin motar kara da ta langa-langa da suke ƙerawa a Katsina. Yanzu mun girma mun fara taɓa albashi, kamfanin kuma ya san da zaman irinmu, shi ya sa tun 2020 yake fitar da manyan kwalaye baƙaƙe da aka rubuta wa shekara 18 zuwa sama.

To ina jari ya shigo? Ta ƙofar ritaya. Ƙwarai kuwa, kayan wasa ma suna yin ritaya. Kowane saiti ana buga shi na ɗan lokaci, galibi shekara 1 zuwa 3, sai kamfani ya daina don ya ba sababbi wuri. Daga ranar duk mai so sai ya nema a hannun wanda ya ajiye. Lissafin 'yan sari ke nan: ka sayi kwali dab da ritayarsa, ka ɓoye shi a liƙe, ka jira shekara biyu ko uku, ka sayar ninki. Duk dabarar ta rataya ne kan abu ɗaya, wato ka san wanne zai tafi kafin sauran mutane su sani.

A ranar nan ƙanina ya jefa ni cikin zaurensu na WhatsApp don in gani da idona. Jama'a, kasuwa ce sosai. Akwai 'yan ƙasa, akwai Misirawa da 'yan Pakistan, akwai namu. Kullum bayan isha'i sai wani ya turo hoton kanta wayam daga wani mol na arewacin Jidda, ya rubuta a ƙasa: khalas, ya ƙare. Wani ya amsa cewa shi ma ya zaga kantuna uku a Tahliya bai samu ba. Na uku ya ce wani ma'aikacin kanti ya raɗa masa a kunne ba za a sake kawowa ba. Na huɗu ya kwaso jerin sunaye daga wani Ba'amurke mai bidiyo a YouTube, wai waɗannan su ne za su yi ritaya a ƙarshen Disamba. Kafin sha biyun dare an gama yanke hukunci, kafin azahar ɗin gobe wasu sun kwashe ɗan abin da ya rage a wani kantin, sai a sake ɗaukar hoton wannan kantar da su suka share, a turo a matsayin hujja.

Ba zan zalunce su ba, labarin da suke dogara da shi gaskiya ne. A 2007 LEGO ya fitar da jirgin Millennium Falcon na fim ɗin Star Wars, tubala 5,195, a kan dala 499.99, wato kusan riyal 1,875 tunda riyal 3.75 ne dala ɗaya. Mutane suka ce ya yi tsada, ya daɗe a kanti, daga baya ya yi ritaya. Bayan 'yan shekaru kwalin da ba a buɗe ba ya riƙa tashi dala 3,000 zuwa 4,000, har fiye. Haka ginin Café Corner na 2007 da aka sayar dala 139.99 ya ninka kansa sau da yawa. Har masana sun sa baki. Wasu mata biyu masu bincike a jami'ar HSE ta Mosko, Victoria Dobrynskaya da Julia Kishilova, sun bi farashin saiti 2,322 daga 1987 zuwa 2015, suka gano cewa a matsakaici darajarsu a kasuwar bayan ritaya tana ƙaruwa da kashi 11 cikin ɗari a shekara. Jaridun duniya suka ɗauka da manyan haruffa, wai LEGO ya fi zinare. Wannan kanun labari ƙanina ya haddace shi kamar karatun allo, ko barci ka tashe shi zai kawo maka.

Amma labarin yana da ragowa, kuma ragowar ba a cika turo ta a zaure ba. A 2017 kamfanin ya sake fitar da Millennium Falcon, wanda ya fi na da girma da kyau, tubala 7,541, a kan dala 799.99. Wanda ya biya dubbai jiya don ya mallaki tsohon sai ya wayi gari ga sabo a kanti a kan kuɗin da bai kai nasa ba, farashin tsohon ya sauko. A wannan shekarar dai aka dawo da Taj Mahal na 2008, wanda shi ma ya yi tashin gwauron zabi a hannun masu ajiya. Na farko tubala 5,922 ne, na biyu 5,923, bambancin guda ɗaya tak. Roket ɗin Saturn V na 2017 ya yi ritaya a ƙarshen 2019, masu ajiya suka fara murna, a Nuwamban 2020 sai ga shi ya dawo da sabuwar lamba a jikin kwali. Shi kuwa sabon Falcon ɗin, shekara da shekaru ana raɗe-raɗin ya kusa tafiya, ana saye ana ɓoyewa, har 2024 yana nan zaune a kanti.

Abin da nake so mu gane shi ne, wuƙa da nama suna hannun mai injin zuba robar. Tsohon kuɗi ko kan sarki na zamanin Turawa, idan ya yi ƙaranci ya yi ke nan, ba mai sake buga shi. Roba kuwa tana nan, mazubi yana nan, masana'antu suna nan a Denmark da Hungary da Czech da Meziko da Sin, an ƙara wata a Biyetnam a 2025. Ƙarin abin lura, a 2019 LEGO ya sayi BrickLink, babbar kasuwar intanet da masu tara LEGO ke cinikin tsofaffin kaya a cikinta. Ke nan duk kwalin da ya yi tsada a hannun 'yan sari, kamfanin yana kallo daga tagarsa. In kai ne mai kamfani ka ga ana rububin tsohon kayanka a kan ninki biyar, me za ka yi?

Shi kansa binciken Mosko ɗin a karanta shi da natsuwa. Matsakaici aka ce, ma'ana an haɗa wanda ya ninka sau shida da wanda ya faɗi warwas aka raba. Sannan shekarun da aka auna, shekaru ne da yawancin masu saye ke yage kwali su ba yara. Falcon na 2007 ya yi tsada ne domin kaɗan ne suka ajiye shi a liƙe. Yau kuwa daga Ohio zuwa Jidda kowa ya ji labarin, kowa yana da nasa goma sha biyun a saman dulab. Ranar da ka fito da naka, ranar su ma za su fito da nasu.

Amurkawa sun taɓa shan irin wannan. A shekarun 1990 wani kamfani mai suna Ty ya riƙa sayar da 'yan tsana masu cike da ƙwayoyin roba, Beanie Babies, a kan kusan dala 5, yana yi wa wasu ritaya lokaci zuwa lokaci. Mutane suka haukace, magidanta suka zuba kuɗin makarantar 'ya'yansu. A 1999 kamfanin ya sanar cewa a ƙarshen shekarar duka za su yi ritaya, daga baya ya ce jama'a sun roƙa, ya ci gaba da yi. Kasuwar ta rushe, aka bar mutane da buhunan 'yan tsana a ɗakin ajiya.

Yanzu mu dawo gida, mu duba wannan kanta da ake ɗauka hoto. Kanta wayam a Jidda tana iya nufin kamfani ya daina bugawa, gaskiya ne. Tana kuma iya nufin wakilin da ke shigo da kayan bai yi odar ƙari ba, don shi ma lissafinsa yake yi. Ko kuma kwantena ce ta makale a hanya. Mu da ke zaune a bakin Bahar Maliya bai kamata a ba mu labarin wannan ba. Mun ga yadda jirgin Ever Given ya toshe mashigin Suez kusan mako guda a Maris ɗin 2021. Mun ga yadda daga ƙarshen 2023, da aka fara kai wa jirage hari a kudancin tekun nan, manyan kamfanonin jiragen ruwa suka koma zagayawa ta ƙasan Afirka ta Kudu, jadawalin isowar kaya ya birkice. Duk waɗannan a hoto kamanninsu ɗaya: kanta ba kaya. Shi kuwa ma'aikacin kantin da ake cewa ya raɗa wa wani a kunne, bawan Allah albashi yake jira kamar ni da kai, ba a kiransa taro a Billund.

Sai kuma lissafin da na zaunar da ƙanina muka yi da biro da takarda, wanda ya kamata a ce ya yi shi kafin ya je kanti. Farashin da yake gani a bidiyo na Amurka ne da Turai. Farashin da ake rubutawa a Amurka ba a haɗa harajin saye a ciki ba. Mu a nan harajin kaya ya fara da kashi 5 cikin ɗari a Janairun 2018, ya koma kashi 15 a Yulin 2020, ga kuɗin jigila, ga ribar wakili. Ke nan tun ranar saye ka fara tsere ne daga bayan layi. Ranar sayarwa kuma ina masu sayen? Wanda zai biya ninki don tsohon kwali yawanci yana Jamus ko Amurka, kuma yana da masu sayarwa a ƙofar gidansa. In ka ce za ka aika masa, kuɗin aika babban kwali kaɗai ya cinye ribar, in ya lotse a hanya ya dawo maka da shi. In ka sa a shafin Haraj, mutum zai kira ka ya taya rabin kuɗi, ya ƙara da cewa ai ya ga irinsa a Sawarik. Abin da ya gani a Sawarik ɗin jabu ne, amma shi bai damu ba, ɗansa ma bai damu ba.

Ga batun ajiya. Mai saye na gaske kwali yake saye kafin tubali, dole ya zama kamar yau aka fito da shi. To kwali da danshin Jidda ba sa ga maciji. Ka kashe mukayyif wata biyu ka tafi hutu, ka dawo ka tarar kwali ya yi laushi, salatif ya saki. Ba na ma maganar ruwan sama. Wanda ya ga ambaliyar 25 ga Nuwamban 2009 ko ruwan 24 ga Nuwamban 2022 ya san abin da ke samun kayan da ke ƙasan bene. Sannan jarin da sai an jira shekara uku yana son mutum mai tabbacin inda zai kwana shekara uku. Mu fa? Tun daga ƙarshen 2021 aka rushe unguwanni da dama a kudanci da tsakiyar Jidda, har da Gulail da Sabil da Karantina inda da yawanmu muka buɗe ido. Mun ga yadda ake tashi cikin 'yan kwanaki, ana jefa katifa da tukwane a bayan dabbab. A irin wannan rana wa zai tsaya lallaɓa kusurwar kwali? Wasunmu 'yan ƙasa ne, alhamdu lillahi. Wasunmu kuwa iƙama muke sabuntawa shekara shekara, kuma mai iƙama ba ya buɗe kasuwanci da sunansa haka kawai ba lasisi. Wannan ma abin tunani ne kafin mutum ya mayar da ɗakin kwanansa sito.

Abin da ya biyo baya shi ne dalilin rubutun nan. A ƙarshen Nuwamba aka shiga makon rangwamen nan da ake kira Farar Juma'a. Kwantena ta iso. Saitin da aka rantse ya ƙare, wanda ba zan faɗi sunansa ba don kada gobe wani ya ce ni na zuga shi, sai ga shi tuli a kantuna, an zaftare masa kusan kashi ɗaya cikin uku. Ƙanina ya saya riyal 750 kowanne, ga shi ana bayarwa 525. Disamba ta wuce, bai yi ritaya ba. Zaure ya yi tsit kwana biyu, sannan aka koma maganar wani saitin daban kamar ba a taɓa yin ta farko ba.

A watan Maris lokacin sabunta iƙamar gidanmu ya zo. Kun dai san tun Yulin 2017 aka sa kuɗi kan kowane mutum da ke ƙarƙashin mai iƙama, aka fara da riyal 100 a wata, ya hau har ya kai 400 a Yulin 2020, wato 4,800 a shekara kan mutum ɗaya. Umma ta ɗauki adashinta tun bazara, riyal 9,000, ta ba ƙanina ya ajiye mata a asusunsa na banki don a cika a biya. Da Baba ya ce a kawo, sai ƙanina ya sunkuyar da kai.

Umma ba ta yi faɗa ba, kuma wallahi da ta yi faɗan da ya fi sauƙi. Ta sa aka sauko mata da kwali ɗaya, ta juya shi gaba da baya, ta girgiza ta ji ƙarar robar, ta ce, "Yanzu adashina ne wannan?"

Ya ce, "Umma, wallahi in aka ƙara haƙuri shekara biyu zai ninka."

Ta ce, "Jawazat za su ƙara haƙurin shekara biyu?"

Sai ta ba mu labarin mahaifinta, Allah ya jiƙansa, wanda ya yi sana'ar hatsi. Da kaka yake sayen gero da dawa ya zuba a rumbu, ya fitar da bazara in sun yi daraja, irin abin da har yau ake yi a Dawanau ta Kano. Ta ce sau da yawa ya ci riba, wani lokacin kuma damina ta yi kyau farashi ya karye. Ni ma na tuna mata cewa a 2024 hatsi ya yi tsada a Nijeriya, mutane suka cika sito, gwamnati ta buɗe ƙofar shigo da abinci ba haraji na kwana 150, a 2025 farashi ya sauko, masu ajiya da yawa suka tafka asara. Ta ce, "To ka gani. Amma shi Malam bai taɓa sari da kuɗin amana ba. Kuma in gero ya yi kwantai, tuwo muke yi da shi. Wannan fa, da wace miya ake cinsa?"

Cikin mako biyu ƙanina ya sayar da takwas a kan riyal 500 kowanne, don mai gaggawa ba ya ciniki. Abin da ya saya 6,000 ya dawo 4,000. Ni na ranta masa 5,000 daga ɗan abin da nake tarawa na aure, aka cika aka biya. Don haka in kun ji bikina ya ƙara nisa, ga dalili, kada ku zargi surukaina.

Akwai wani abu da ya fi asarar kuɗin damuna. Da na koma na karanta tsofaffin saƙonnin zauren, sai na lura waɗanda suka fi kowa ihun "zai ƙare, zai ƙare" su ne waɗanda suka riga suka cika ɗakunansu. Wanda ya fara turo hoton kantar nan, bayan kwana uku shi ne ya sa nasa a kasuwa da ƙarin riyal 200. Ƙanina ma, bayan ya saya, sau biyu yana tura wannan hoto ga abokansa, kuma ɗaya daga cikinsu ya sayi huɗu. Ba da mugunta ya yi ba, shi ma ya yarda da abin. Amma mutum in ya zuba kuɗinsa a abu, bakinsa ya zama ɗan tallan abin ko bai sani ba. Ban ce ɓoye kayan wasa daidai yake da ɓoye abinci ba, ba wanda yunwa za ta kashe don rashin LEGO. Sai dai a makarantar Islamiyya an koya mana najashi, wato mutum ya riƙa zuga farashin kaya don wani ya ruɗu ya saya. Kowa ya duba wayarsa ya ga ko abin da yake turawa ya yi kama da haka.

Ba ina cewa a daina ba ne. Na san mutum biyu a garin nan da suke cin riba a wannan harka, kuma na lura da halinsu. Ba sa saye sai da rangwame mai kauri. Ba sa jibga kuɗinsu kan saiti ɗaya. Suna jira kamfani da kansa ya sa alamar "ya kusa ritaya" a shafinsa, ba sa bin ƙishin-ƙishin. Suna da ɗaki mai sanyi a gidan da yake nasu, kuma kuɗin da suka zuba, ko shekara biyar ya yi a kwance ba abin da zai tsaya a gidansu. In kana da waɗannan, bismilla, Allah ya ba da sa'a. In kuwa kuɗin haya ne, ko na iƙama, ko na makarantar ƙanwarka, ko adashin tsohuwa, to ka tambayi kanka tun a bakin kanti: in ranar biya ta zo kafin ranar ritaya, wa zan kira?

Na san abin da ke jan mu, don ni ma yana jana. Mun tashi mun ga iyayenmu mata suna tallan gyaɗa da ƙosai a bakin titi cikin rana, iyayenmu maza suna dako da gadi da tuƙi. Muna son hanyar da za a ce kuɗi ya haifi kuɗi muna zaune a inuwa, da wayo da Turanci da intanet. Wannan buri ba laifi ba ne. Amma tsohuwar da ke kasa gyaɗa a Bab Makka ta san nawa ta saro, ta san wa zai saya, ta san kafin magariba za ta ga kuɗinta. Ƙanina da digirinsa bai san ko ɗaya daga cikin waɗannan ba game da kwalayensa.

Saura huɗu a saman dulab. Uku suna nan a liƙe, ya ce zai jira ya ga ƙarshen abin, Umma ta ce ya jira, amma duk wata ya kawo mini 500 har bashina ya fita. Na huɗun kuwa, garin saukowa da shi ranar da Umma ta nema, ya suɓuce ya daki ƙasa, kusurwa ta lotse. Juma'ar da ta wuce bayan an ci shinkafa, ƙanina ya ɗauko shi ya ajiye a tsakiyar falo, ya kira ɗan yayata ya miƙa masa almakashi. Yaron ya dube shi ya dube ni, ya ce, "Kawu, ba za ka yi ihu ba?" Suka baje robobi a kan darduma tun la'asar har aka kira isha'i ba su kai rabi ba. Baba da ya ce shi ba ruwansa da shirme, na gan shi ya sa tabarau yana nemo musu wani ɗan jan tubali da ya shige ƙarƙashin kujera, yana cewa motar kara ta fi wannan wuyar haɗawa.

Wanda ya taɓa shiga irin wannan harka, ko ta LEGO ko ta takalma ko ta turare, ya ci ko ya faɗi, ya rubuto mana mu ji, za mu buga ba tare da suna ba. Maganar aure kuma tana nan tafe in Allah ya kai mu fitowa ta gaba.